Shingen yara a bakin matakala: na tokarewa ko na ɗaurewa da sukuru?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum iyaye. Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka riga mu gani su taimaka. Sadiq ɗina watansa takwas da sati biyu, rarrafensa ya nuna sosai, kuma watan jiya muka koma gida mai bene. Matakalar hawa goma sha huɗu ce, duk tayil, ga santsi. Shekaranjiya na ajiye shi a falon ƙasa na shiga ɗaki ɗauko caja, wallahi ban yi minti biyu ba, ina fitowa na tarar da shi a hawa na uku yana waiwayena yana dariya. Ban yi ihu ba don kada ya firgita ya saki hannu. Lallaɓawa na yi na tare bayansa, amma bayan na sauko da shi na fi minti goma a zaune ƙafafuna na rawa.

Yayar maigidana ta ba ni shingen yara da ta daina amfani da shi, irin ɗan ƙaramin get ɗin nan fari na ƙarfe, wanda ake murɗa ƙafafunsa huɗu su tokare bango hagu da dama ba tare da an huda komai ba. Guda ɗaya ne. Ni a sama nake son sa shi, tunda ɗakunan barci a can suke kuma a can muka fi zama. Baban Sadiq yana ganin duk ƙaƙale ne, wai su da suka tashi wa ya sa musu get? Ga mai gidan da muke haya ya ja mana kunne tun ranar farko, ba ya son ko ƙusa ɗaya a bangonsa. To in sa wannan ɗin a sama ko yaya?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Kada ki sa shi a sama. Ki kai shi ƙasa, gindin matakalar, nan ne wurinsa. Na sama dole sai wanda ake ɗaurewa da sukuru.

Maman_Sadiq:
@Ummu_Hanan na girgiza shi da ƙarfi fa bayan na murɗa, ko motsi bai yi ba.

Ummu_Hanan:
Yau bai motsa ba. Ki ba shi sati uku ana buɗewa ana bugo shi, yaro na kama sandunan yana jijjiga kamar ɗan kurkuku. Nawa haka ya yi, kullum sai na ƙara murɗa shi. Kuma ki duba ƙasansa, akwai ƙarfe a kwance wanda dole ki tsallake duk shiga da fita. A ƙofar kicin in kin yi tuntuɓe da shi sai dai ki dafe bango ki yi tsaki. A saman matakala kuma ina za ki dafa?

Injiniya_Bash:
Maganar Ummu Hanan gaskiya ce, bari in ɗan ƙara bayani kan dalilin. Shingen tokarewa ba abin da ke riƙe da shi sai matsi da kamun robar da ke bakin ƙafafunsa. Ƙarfinsa a gefe yake, wato yana tura bangon hagu da na dama. Shi kuwa yaro daga gaba yake turo shi, ta inda ba abin da ya tare sai wannan ɗan kamun roba. In bangon fentin mai ne mai sheƙi, ko tayil, ko ƙura ta shiga tsakani, kamun ya ragu. In ɗaya gefen sandar mariƙin matakala ce, ita ma tana ɗan lanƙwasawa a hankali, matsin ya saki ba ki sani ba.

Ki duba abin da zai biyo baya in ya zame. A ƙasa, yaro da shinge su faɗi a daɓe, ya yi kuka, a rarrashe shi. A sama, yaro da shinge su gangara hawa goma sha huɗu tare. Shi ya sa in kika karanta takardar da ke zuwa da irin waɗannan za ki ga kamfanonin da kansu sukan rubuta kada a sa su a saman matakala sai an kafe su da bango. Wasu suna zuwa da 'yan ƙoƙuna na roba da ake ɗaurewa a bango ƙafafun su zauna ciki. Hakan na rage zamewa sosai, amma ƙarfen tuntuɓen nan yana nan daram.

Hajiya_Kaka:
'Ya'yan zamani ke nan. Na haifi bakwai, na riƙe jikoki ban san adadi ba, ban taɓa kafa wa yaro get a cikin ɗaki ba. Idon uwa shi ne shinge. Yaron da aka tsare daga matakala ranar da ya same ta a buɗe shi ne zai faɗo, don bai santa ba. Ku koya musu hawa da sauka, ku daina mayar da gida kamar kejin kaji. Mijinki bai yi ƙarya ba 'yata.

Nas_Rabi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa zan ɗan saɓa. Koyarwar da kika ce gaskiya ce, ni ma ina goyon bayanta. Amma ɗan wata takwas ba ya riƙe darasi. Kansa ya fi ƙarfin jikinsa, in ya leƙa ƙasa nauyin kan ne ke jansa. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a sashen gaggawa na yara, kuma ban taɓa karɓar uwar da ta ce mini ta bar yaro ta tafi unguwa ba. Kullum maganar ɗaya ce: na juya in ɗauko abu, waya ta yi ƙara, babban ya kira ni daga banɗaki. Iyaye ne masu kula, ido ne dai yake ƙiftawa.

Sai dai kuma kada a ɗauka sa shingen shi ke nan an gama. Akwai binciken da asibitin yara na Nationwide da ke Columbus a jihar Ohio ta Amurka ya fitar a 2014. Sun duba daga 1990 zuwa 2010, suka ƙiyasta yara 'yan ƙasa da shekara bakwai sama da 37,000 aka kai sashen gaggawa saboda raunin da ya shafi shingen kansa, wato kusan yara biyar kowace rana. Fiye da rabinsu ba su kai shekara biyu ba, kuma a cikin waɗannan ƙananan abin da ya fi yawa shi ne faɗowa daga matakala bayan shingen ya zube ko an bar shi a buɗe. Manyan kuma hawa suke yi su faɗo, ko su yanke da gefensa.

Hajiya_Kaka:
To kin gani ai. Get ɗin ma da kansa yana kai yara asibiti.

Nas_Rabi:
Yana kaiwa Hajiya, in an sa wanda bai dace ba a inda bai dace ba, ko aka manta ba a rufe ba. Waɗanda matakala ke kaiwa ba tare da shinge ba sun ninka haka nesa ba kusa ba.

Abban_Yusra:
Ni dai ina bayan Hajiya rabi, ina bayan Nas rabi. Mun sa shinge sama da ƙasa, amma na ƙasan ban sa shi a gindin matakala ba, a hawa na uku na ɗaure shi, na shimfiɗa darduma mai kauri a ƙasa. Yusra ta samu hawa biyu na atisaye. Kullum da yamma nakan zauna da ita in juya ta, ciki a ƙasa, ƙafa ta fara sauka, ina cewa "baya-baya". Kafin ta shekara ɗaya da wata biyu ko daga kan kujera za ta sauko sai ta juya tana faɗa wa kanta "baba-baba". Ranar da muka je gidan da ba shinge wannan ne ya yi mana rana.

Maman_Sadiq:
Na gode ƙwarai, na gamsu ba zan sa shi a sama ba. Saura matsalar mai gida. Mutum ne mai tsauri, ko labule da ƙyar ya yarda aka kafa. Sannan a saman gefe ɗaya ne bango, ɗaya gefen sandar ƙarfe ce zagayayya ta mariƙin matakalar. Ina za a ɗaura sukuru a jikin wannan?

Kafinta_Sule:
Hajiya wannan aikinmu ne, ba wuya. Gefen ƙarfen ba sai an huda ba. Ana samun katako mai kauri, a yanka shi tsayin shingen, a jingina da sandar, a sa wani guntu ta baya a matse su da dogayen noti biyu ko uku, sandar na tsakiya kamar an rungume ta. In ana tsoron fenti ya goge a sa roba tsakani. Sai a ɗaura hinjin ko maƙallin a jikin katakon. Ranar tashi a kwance, ba alama. Akwai ma na kanti da ake sayarwa don wannan, masu madauri, amma na katakon in an yi shi da kyau ba ya girgiza.

Gefen bango kuwa gaskiya sai an huda, rami huɗu galibi, kowanne bai fi kaurin fensir ba. In bulo ne da filasta, a huda a cusa robar da sukuru ke kamawa, kada a yarda wani ya cusa tsinken ashana ko guntun itace ya ce ya yi. In bangon irin na allo ne mai rami a ciki, dole a laluba inda ginshiƙin katako ko ƙarfe yake a ɗaura a nan, don allon kaɗai yaro zai iya fizge sukurun da garinsa. Cike ramin nan aikin minti biyar ne. Ki ce wa maigidanki ya je ya samu mai gidan da kansa, ya faɗa masa za ku cike ku shafa fenti in za ku tashi. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa maganar ran yaro ido da ido ya ƙi ba.

Abu na ƙarshe, ƙyauren ya riƙa buɗewa zuwa cikin falon sama, kada ya buɗe ta kan matakala. Masu kyau suna da ɗan tokare da ke hana shi wucewa ɗaya ɓangaren. In ya buɗe ta kan matakala yaro ya jingina da shi ba a rufe da kyau ba, ƙyauren zai yi lilo da yaron ya sake shi a sarari.

Dan_Gwari_Ba:
Malam Sule, in mutum ya ce ka ƙera masa gabaɗaya fa maimakon na kanti? Faɗin wurin namu ya fi mita ɗaya da rabi, duk wanda na gwada bai kai ba. Wani mai walda ya ce mini tsakanin sanduna santimita 10 ne ƙa'ida.

Injiniya_Bash:
@Dan_Gwari_Ba santimita 10 ɗin da ya faɗa ƙa'idar mariƙin baranda da matakala ce a dokokin gini na ƙasashe da yawa, ba ta shingen jarirai ba. Ga jariri ta yi faɗi. Mutane suna auna kan yaro su ce ai ba zai shiga ba, alhali haɗarin daga ƙafa yake farawa. Yaro ya zura ƙafafu, ƙugu da ƙirji su wuce, kan ya maƙale a baya, nauyin jiki ya rataya a wuya. Shi ya sa a Amurka tazarar sandunan gadon jarirai ba ta wuce inci 2 da 3/8, kimanin santimita 6. Ka riƙe wannan awon. Gwajin gida mai sauƙi: in gwangwanin lemo ya ratsa tsakanin sanduna, tazarar ta yi yawa.

Kafinta_Sule:
Haka ne Injiniya, ni ma 6 nake yi. Kuma ka gaya wa mai waldar sanduna a tsaye kawai. Kada ya yi maka ado, kada ya gitta ƙarfe a tsakiya, kada fulawa ko zobe. Duk abin da aka gitta tsani ka ƙera wa yaro da kuɗinka. Ya goge bakin walda sumul, sama ta zama miƙaƙƙiya ba tsini, don riga ko igiyar wuya na iya sarƙewa. Ƙasa ma kada a bar rata mai yawa, na ga inda aka ɗaga shinge saboda katakon gindin bango, yarinya ta bi ta ƙasa da jan ciki ta maƙale a kafaɗa. Tsayi ni daga santimita 75 nake farawa.

Ummu_Hanan:
A ƙara da fenti. Su fa komai a baki yake ƙarewa, saman shingenmu duk shatin haƙoran Hanan ne. A tabbatar fentin ba mai dalma ba ne.

Maman_Biyu:
Ku kuna ta maganar sukuru da santimita, ni matsalata mutane ce. Tagwaye gare ni 'yan wata goma sha ɗaya, ga yayyensu biyu, ɗan shekara bakwai da 'yar biyar. Shinge uku ne a gidan nan, duk masu kyau, amma sau nawa a rana nake tarar da su a wangale? Babban in zai wuce da gudu tura shi yake da gwiwa ya yi gaba. Baƙi kuma in sun kasa buɗewa sai su yi ta fizga har su sassauta shi, in sun buɗe ba sa rufewa don kunya kada su sake kasawa. Har mahaifinsu. Na koma amfani da shingen da ke rufe kansa, shi ma in ba a sake shi daga nesa ba sai ya dawo a hankali ya jingina kawai, ka gan shi kamar a rufe alhali bai kama ba. Yanzu kunnena ya saba, in ban ji "ƙas" ba ko ina cikin wanka sai na ƙwala kira.

Abban_Yusra:
Maman Biyu, naɗa babban sarkin ƙofa. Da gaske nake. Ɗan yayana haka aka yi masa, aka ce duk gidan shi ke da alhakin get, har babansa yake kamawa da laifi. Yara na son muƙami.

Maman_Biyu:
Zan gwada, amma ba zan ɗora ran jarirai biyu a wuyan ɗan shekara bakwai ba. In wani abu ya faru shi zai tashi da abin a zuciyarsa har girma.

Baban_Khalil:
Bari in tona wa kaina asiri ko wani zai amfana. Ni dogo ne, buɗe shingen nan ganin ɓata lokaci nake yi, tsallakewa kawai nake. Wata rana da asuba Khalil na kuka, na ɗauke shi a kafaɗa zan kai wa mamansa a kicin, na ɗaga ƙafar dama ta wuce, ta hagu kuwa bakin wandon barcina ya kama maƙallin. Muka tafi gabaɗaya. Allah ya sa na juya na faɗi ta gefe, gwiwar hannuna ta sha daɓe, shi kuwa a ƙirjina ya sauka, ko ƙwarzane bai yi ba. Ni na yi sati uku hannu a rataye. Abin da ya fi ba ni haushi, bayan wata biyu na ga Khalil ya kama saman shingen yana ɗaga ƙafa ɗaya daidai yadda nake yi. Ashe duk kallona yake. Ku sayi wanda ake buɗewa da hannu ɗaya, don in buɗewar na da wuya wallahi za ku tsallaka.

Hajiya_Kaka:
Allah ya kiyaye gaba ɗana. Ka ga irin abin da nake faɗa.

Baban_Khalil:
Amin Hajiya. Amma laifin nawa ne ba na get ba.

Zee_Mama:
Tunda ana maganar matakala, ni keken koyon tafiya nake sa tawa a ciki in ina aiki, ta yi ta yawonta a falo. Ba ya isa a madadin shinge? Ai ba za ta iya hawa matakala da shi ba.

Nas_Rabi:
@Zee_Mama hawa ba za ta iya ba, amma sauka fa? Don Allah 'yar'uwa in akwai matakala ko da hawa biyu ne a gidan, ki raba ta da keken nan. Yana ba jaririn da bai iya tsayuwa ba gudun da uwa ba ta cim masa, yana ƙara masa tsawo ya kai hannu kan tebur ya jawo abu mai zafi, kuma in ya gangara da shi raunin kai ya fi muni saboda nauyin keken na bin sa. In ya zo da gudu ya daki shingen tokarewa ma yana iya ture shi. Kanada ta haramta sayar da shi kwata-kwata tun 2004, har na hannu ba a yarda a sayar ba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana neman a hana. Kuma ba ya sa yaro saurin tafiya, sunan ne kawai. In wurin ajiye ta kike so, ki nemi irin wanda ba shi da taya, ko ɗan kejin wasa.

Zee_Mama:
Ikon Allah. Kyauta aka ba ni, ban taɓa kawo komai a raina ba. Falonmu akwai hawa ɗaya zuwa wajen cin abinci.

Malama_Asabe:
Ni gidana ba bene, amma shinge biyu gare ni, ƙofar kicin da ta banɗaki. Kada masu gidan ƙasa su karanta wannan zaren su ce bai shafe su ba. Abin da ya sa na sa na banɗaki, na taɓa shiga na samu ɗana ya kama bakin bokiti ya miƙe yana leƙa ciki, ruwan bai kai rabi ba, ƙafafunsa har sun fara ɗagawa. Yaro in ya kifa a bokiti ba ya iya fitar da kansa, kuma ba ya ihu, shiru za ki ji. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2014 kan nutsewa ta ce yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ne suka fi kowa mutuwa ta wannan hanya, kuma cikin matakan da ta lissafa har da shingen bakin ƙofa da kejin wasa. Da shingen da komai, yanzu ba na kwana da ruwa a bokiti a buɗe, in na gama wanki na kife.

Admin_Fati:
Jama'a muna ta nisa. Keke da bokiti duk suna da muhimmanci, wanda ke so ya buɗe musu zare daban. Mu dawo kan tambayar Maman Sadiq.

Tsohon_Soja77:
Kan tambayar nake. Tunda shingen nata na hannu ne, ta duba shi da kyau. Mu surukata ta fito mana da wani na katako daga ɗakin ajiya, irin mai naɗewa kamar akodiyon, in an ja shi sai ya buɗe da manyan ramuka masu siffar daimon, samansa kuma baki-baki kamar harafin V. Wai da shi ta reni matata. Na kai shi bola da daddare.

Injiniya_Bash:
Ka yi daidai Oga. Irin waɗannan masu manyan V a sama an daina ƙera su a Amurka tun 1985, bayan yara sun rasu da wuyansu ya faɗa cikin V ɗin ko kansu ya shiga ramin. Amma da yake katako ba ya mutuwa har yau suna yawo daga hannu zuwa hannu. Masu naɗewa na yanzu ramukansu ƙanana ne kuma akwai miƙaƙƙen ƙarfe ko katako a sama.

Wanda zai sayi sabo ya duba jikin kwalin ko takardar da aka manna. Na Turai za ka ga lambar ƙa'idar inganci EN 1930, na Amurka ASTM F1004, wanda ya zama dole a can tun 2021. Ƙa'idar Amurkan ba ta yarda tsayi ya gaza inci 22 ba, kusan santimita 56, kuma an tsara ta ne don yara daga wata 6 zuwa wata 24. A kula da shingen karnuka da kyanwa, kamanninsu ɗaya a hoto amma ba lallai an gwada su don yara ba, wasu ma da 'yar ƙofa a ƙasa wadda jariri zai bi ya wuce abinsa.

Maman_Biyu:
Wata 24? Wato ranar da suka shekara biyu sai in cire? Ai lokacin ne ma ƙiriniyar ke farawa.

Ummu_Hanan:
Ba ranar haihuwa ake bi ba, yaron ake kallo. Hanan tana da wata ashirin ta jawo kwandon wanki ta kife ta taka. Daga ranar shingen ya zama abin faɗowa daga sama, ya ƙara mata tsawo a kan matakalar ma. Muka cire na saman, muka koma rufe ƙofar ɗaki da koya mata riƙe ƙarfe.

Abban_Yusra:
Mu kuwa har Yusra ta kusa uku yana nan, don ita ba mai son hawa ba ce, kuma takan tashi cikin dare ta fito da magagin barci. Na dare nake tsoro ba na rana ba. Kowa dai da irin nasa ɗan.

Dan_Gwari_Ba:
Wani ya ba ni shawarar in ɗora shinge biyu, ɗaya kan ɗaya, in yaro ya fara hawa.

Kafinta_Sule:
Kul. Ratar da ke tsakanin na sama da na ƙasa tarko ce, wuya take kamawa. Kuma in gobara ta tashi cikin dare ta ina za ku fita da yara a hannu? In ya fara hawa a nemi dogo guda ɗaya, ko a cire.

Hajiya_Kaka:
Ni dai har yanzu ban ga abin da ya fi a zauna da yaro ba. Amma jikata da ke bene na tura mata maganar Malam Sule ta buɗewa ciki, don nata ta kan matakala yake buɗewa, na gani da idona.

Maman_Sadiq:
Ga yadda ake ciki. Na karanta wa Baban Sadiq labarin Baban Khalil da na Nas Rabi, bai ce komai ba, amma jiya da kansa ya je wurin mai gidan. Ya yarda da rami huɗu, da sharaɗin shi zai turo mai fentinsa in za mu tashi. Na tokarewar na saukar da shi gindin matakala, na goge tayil ɗin da kyau kafin in murɗa. Na saman sai ranar Asabar kafinta zai zo, kafin nan in muna sama ƙofar ɗaki a rufe take da sakata.

Sai dai wata sabuwa. Ɗazu na ga Sadiq ya bar shingen ya koma gefe, yana ƙoƙarin cusa kafaɗa tsakanin sandunan mariƙin matakalar kanta. Na auna da tef, santimita 12 ne.

Kafinta_Sule:
In kafintan ya zo ki nuna masa. Faranti na roba mai gani-har-hanji ko falle na katako za a ɗaure a jikin sandunan daga ciki, tun daga ƙasa har sama da tsayin yaron. Kada a sa raga mai manyan ido, yatsun ƙafa na kama ta.

Maman_Biyu:
Maman Sadiq in ya yi miki aikin da kyau ki turo hoto. Namu ma yanzu na je na auna, 11 ne.

Zee_Mama:
Ni tambayata, wannan mai naɗewa kamar labule da ake ja daga gefe, na yadi, wa ya taɓa amfani da shi? Na ga ba shi da ƙarfen tuntuɓe a ƙasa.

Ummu_Hanan:
Ƙanwata na da shi. Ba tuntuɓe kam, amma hannu biyu yake ci wajen rufewa, kuma ɗanta ya gano in ya danna ƙasan da kai yadin na ɗagawa. A ƙofar ɗaki ta bar shi, ba ta kai shi matakala ba.